Ruwan da bai isa ba: abin da na gani a bayan injin niƙan Mabry

Aikina harhaɗa famfunan ruwa ne da gyaransu, a gonaki da ƙananan masana'antu. Wanda ya daɗe a wannan sana'a idonsa yakan canza. In ya ga ruwa yana gudu, kafin ya ce yana da kyau sai ya tambayi kansa daga ina ya taso, lita nawa yake kawowa, daga wane tsayi yake faɗowa. Da wannan idon na je injin niƙan Mabry, wani tsohon injin niƙa da ruwa ke juyawa, a watan Oktoban da ya wuce, ni da 'yata, kuma tun da muka dawo abin bai bar raina ba.

Wurin yana cikin duwatsun Blue Ridge a jihar Virginia ta Amurka, a gundumar Floyd, kusa da wani ɗan ƙauye da ake kira Meadows of Dan. Yana bakin hanyar shaƙatawa ta Blue Ridge Parkway, daidai mil na 176. Duk wanda ya taɓa riƙe kalanda mai hotunan karkarar Amurka, da wuya a ce bai gan shi ba, ko da bai san sunansa ba: ɗakin katako da ya yi toka-toka don tsufa, ƙaton wili a gefensa, ga tafki a gaba yana nuna su kamar madubi. Ya yi farin jini har aka riƙa buga hotonsa a katin gaisuwa ana cewa a Iowa yake, ko a Connecticut, jihohin da ke da nisan gaske daga inda yake.

Mun isa da hantsi. Ganyen itatuwa ya yi ja da rawaya kamar yadda yake yi a can in sanyi ya ƙarato. Motoci sun cika wurin ajiya, kowa ya yi cirko-cirko a bakin tafki da waya a hannu. 'Yata ma ta shige cikinsu. Ni kuwa na zagaya bayan ginin, domin na san tafkin nan ba shi ke juya wilin ba. Yana ƙasa da shi, ruwan da ya riga ya gama aiki ne ke taruwa a ciki. Ruwan aiki daga sama yake zuwa, ta cikin wani dogon indararo na katako da aka ɗora kan ƙafafu, ya ratso ta cikin itatuwa har ya zo ya tsaya a kan wilin. Na leƙa ciki, na yi shiru na ɗan lokaci. Ruwan ɗan kaɗan ne. Da a wurin aiki ne manomi ya nuna mini irinsa ya ce zai tayar da inji da shi, da na ce masa ya sake shawara.

To amma wani mutum ya niƙa masara da wannan ruwan, ya tsaga katako da shi, ya juya injunan sassaƙa da shi, ya ci abinci da shi kusan shekara 30.

Sunansa Edwin Boston Mabry, ana ce masa Ed. An haife shi a 1867, ɗan yankin ne. Ya taɓa sana'ar haɗa kujeru, ya yi noma, ya kuma tafi West Virginia inda ake haƙar kwal ya yi ƙira a can. A 1903 ya dawo gundumar Floyd da ɗan abin da ya tara, ya fara gini. Bai fara da niƙa ba. Maƙera ya fara buɗewa, yana haɗa ta da gyaran ƙafafun keken doki. Daga nan ya kafa zarton tsaga katako. Kafin 1905 ta ƙare ya fara niƙa wa mutane hatsi, zuwa 1910 kuma ya kammala ɓangaren gaba na ginin, inda ya jera injin sassaƙa cibiyar ƙafar keken doki, da na goge katako, da na fitar da baki a jikin katako don su shige juna, da ƙaramin zarto na yankan lanƙwasa.

A ganina wannan jeri ba haka kawai ya zo ba. Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Mai maƙera yana iya ƙera ƙarafan da injinsa ke buƙata ba tare da ya jira a kawo masa daga birni ba, mai zarto kuma yana iya yanka katakon bangonsa da na indararonsa daga itatuwan da ke bayan gida. Kowace sana'a ita ta haifi ta gaba da ita. Na tsaya a maƙerar na daɗe ina kallon zuga-zugi da uwar maƙera, ina tuna sau nawa aiki ya tsaya mini kwana da kwanaki saboda wani ɗan ƙarfe da bai fi yatsa ba wanda sai an aiko da shi.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina a tarihinsa shi ne filayen da ya saya. Tsakanin 1905 da 1914 Ed ya yi ta sayen filayen da ke maƙwabtaka da shi, ɗaya bayan ɗaya, kuma yawancinsu saboda ruwan da ke cikinsu ya saye su. Wurin da ya kafa injin yana kusa da ƙolin tudu, inda ƙoramu suke farawa, ba su riga sun haɗu sun yi ƙarfi ba. Don haka sai ya bi su har gida. Ya haƙa magudanai, ya kafa indararo, ya jawo ƙananan ƙoramu biyu ya haɗe su wuri ɗaya don su isa juya wili. Shekara 9 mutum yana tara kuɗin ƙira da na niƙa yana zubawa a sayen ruwa. Wanda bai taɓa aiki da ruwa ba zai ga kamar wauta ce. Ni na san abin da ya sa.

Lissafin ba shi da wuya. Ƙarfin da ruwa ke bayarwa nauyinsa ne a ninka da tsayin da ya faɗo. Lita 1 kilo 1 ce. In lita 1 tana faɗowa daga tsayin mita 1 a kowane sakan, tana ba da wat kusan 10 (wat shi ne ma'aunin ƙarfi da ake gani a jikin ƙwan lantarki). Mu ɗauki misali kawai: a ce lita 50 a sakan, a kan wili mai tsayin mita 4. Wat kusan 2,000 ke nan a takarda. Cire wanda ya fantsama, da wanda ya zube kafin ya kai ƙasa, da wanda gugar katako da ƙarfe ta cinye, abin da zai rage bai kai ƙarfin doki 2 ba. Ƙaramin janareta ya fi shi. Saboda haka kowace lita da ta ƙaru a indararon nan, ƙarin buhu ce a ƙarshen yini, kowace lita da ta tsiyaye ta wata tsaga a katako kuma asara ce. In rani ya yi tsanani ƙorama ta ja baya, dutse ya tsaya, komai yawan masu jira a ƙofa.

Irin wilin da ya zaɓa ma shaida ce. Akwai wanda ake tsoma gindinsa a cikin kogi, gudun ruwa ya riƙa tura shi ta ƙasa. Wannan sai mai babban kogi. Na Mabry ta ka ake zuba masa. An kewaye bakinsa da aljihuna na katako, ruwa ya cika na sama, nauyi ya rinjayi gefe ɗaya ya yi ƙasa, aljihun ya juye abin da ke cikinsa, ya koma sama fanko ta ɗaya gefen. Tun a 1759 wani injiniya ɗan Ingila, John Smeaton, ya gwada ire-iren wilin nan da ƙananan samfura, ya nuna cewa wanda ake zuba wa ta ka yana fitar da kusan ninki biyu na aikin wanda ake turawa ta ƙasa, da ruwa iri ɗaya. Mai ruwa kaɗan da tudu mai gangare ba shi da zaɓin da ya fi wannan.

Ina nan tsaye 'yata ta same ni. Ta ce, "Baba, kowa yana can gaba, kai kana nan kana kallon kwata." Na ce, "Mamana, zo ki sa hannu a nan." Ta tsoma yatsunta, ta janye don sanyi. Na ce mata ta dubi yawan ruwan, sannan ta dubi girman wilin, ta gaya mini ko ta yarda wannan ne ke juya wancan. Ba ta yarda ba sai da ta tsaya ta ga aljihu ɗaya ya cika, ya sunkuya, na bayansa ya matso.

A ciki, wani dattijo daga cikin masu yi wa baƙi bayani ya nuna mana duwatsun. Biyu ne, ɗaya a kan ɗaya. Na ƙasa a kafe yake, na sama ke juyawa. Wili a waje yana tafiya a hankali, ana iya ƙirga zagayensa da ido, amma dutse yana buƙatar gudu, don haka ake bi da ƙarfin ta wili-wili masu haƙora da bel har ya ninka sau da yawa kafin ya iso. Ana zuba masara a wani mazurari na katako a sama, ta riƙa gangarowa kaɗan-kaɗan ta ramin da ke tsakiyar dutsen sama. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne duwatsun ba sa taɓa juna. Akwai 'yar tazara tsakaninsu, siririya ƙwarai, kuma an tsaga layuka a fuskar kowanne daga tsakiya zuwa baki. In na sama ya juya, layukansa suna gilma na ƙasa kamar bakin almakashi, su yanka ƙwayar, su tura ta waje tana ƙara laushi har ta faɗo gari. Mai niƙa yana da abin da yake ɗaga dutsen ko ya sauke shi da shi. Ya ɗaga kaɗan a samu tsaki, ya sauke a samu gari. Yana tara hannu a bakin mafita, ya murza tsakanin babban yatsa da manuni, ya san ko ya yi. In hatsi ya ƙare dutse ya gogi dutse, hancinsa ne zai fara gaya masa, don warin ƙuna yake tashi, kuma tartsatsi a ɗakin da ƙurar gari ta cika ba abin wasa ba ne.

Dutse kuma yana dakushewa, sai an koɗa shi. A ɗaga na sama, wanda nauyinsa kan kai ɗaruruwan kilo, a kifar da shi, a zauna da makoɗi na ƙarfe ana sara layi-layi har fuskar ta sake yin kaifi. Aikin kwana da kwanaki ne. Masu wannan sana'a a da ana gane su da hannuwansu, saboda ɓurɓushin ƙarfe da ke tsalle ya shige fata ya zauna. Makoɗin kansa yana dakushewa da sauri, sai an mai da shi wuta an sake masa baki. Nan ma maƙeri ya huta da neman wani.

Saboda ƙarancin ruwan nan, injin Mabry ya yi suna da jinkiri. Mutanen yankin sun san shi a matsayin inji mai nawa. Sai dai jinkirin ya zo da alherinsa. Dutsen da ke gudu da yawa yana zafi, zafin ya ƙona man da ke cikin ƙwayar masara, gari ya fito da ɗan ɗaci da ƙauri. Na Ed ba ya samun ƙarfin da zai yi zafi haka, don haka garinsa ya yi suna da daɗi, mutane suka riƙa haƙurin jira. Sannu ba ta hana zuwa. Ina son wannan ɓangare na labarin, amma ba na son yadda wasu ke ba da shi kamar Ed ya zaɓi jinkiri ne don hikima. Mutumin da ya yi shekara 9 yana sayen ƙoramu, ƙarin gudu yake nema. Abin da ya samu ne ya yi aiki da shi da kyau, ya ƙi cusa wa dutse fiye da abin da zai iya.

Ba kuɗi ake biya ba galibi. Kuɗi sun yi ƙaranci a tsaunukan nan. Mai niƙa yana ɗibar rabonsa daga hatsin da aka kawo, kuma dokar Virginia ta ƙayyade shi: kashi 1 cikin 8, kada ya wuce. Ka kawo awo 8, ka koma da garin 7. Wannan ƙayyadewa tana da dalili mai tsawo a bayanta, domin tun da aka fara niƙa da ruwa ake rigima tsakanin mai inji da mai hatsi.

Dabarar ta haura shekara 2,000. Rumawa sun san ta, har sun gina wata masana'anta a Barbegal kusa da Arles a kudancin Faransa, a ƙarni na 2, mai wili 16 jere a gangaren tudu, takwas-takwas a layi biyu, ruwan da ya sauka daga ɗaya ya faɗa kan na ƙasa da shi. A Ingila, ƙidayar dukiyar ƙasa da Sarki William ya sa aka yi a 1086 ta lissafa injunan niƙa fiye da 5,600. Amma yawancinsu na masu ƙasa ne, kuma talakan da ke zaune a ƙasar ubangida dole ne ya kai hatsinsa injin ubangida ya biya. Labarin da ya fi tsaya mini shi ne na garin St Albans. A 1331 shugaban gidan ibadar garin ya tilasta wa mutane suka miƙa duwatsun niƙansu na hannu, ya sa aka daɓe ƙasan wani ɗaki da su, don kowa ya gani ya san inda ƙarfi yake. Shekara 50 bayan haka, a boren talakawa na 1381, mutanen garin suka kutsa ɗakin, suka tone duwatsun, suka farfasa, suka rarraba gutsattsarin a tsakaninsu kowa ya kai gida. Jikokin waɗanda aka ƙwace wa ne, amma ba su manta ba.

Injin Mabry ba irin wannan ba ne. Babu wanda aka tilasta wa zuwa. Na mutum ne da matarsa, kuma dole in tsaya a kan matar, don hoton kalanda ba ya nuna ta. Sunanta Mintoria, ana kiranta Lizzie. Tare suka yi aikin. Maƙeri ba zai bar ƙarfe a wuta ya je ya tsaya kan dutse ba, kuma dutse ba a barinsa shi kaɗai. Lizzie ta riƙe niƙa, kuma da jikin Ed ya fara rauni a ƙarshen rayuwarsa, nauyin ya ƙara komawa kanta. Duk wanda ya taɓa ɗaga buhun masara zuwa bakin mazurari sau goma a jere ya san wane irin aiki ake magana.

Yanzu ga abin da na lura yawancin masu ziyara ba sa kamawa. Na ji wata mata tana gaya wa yaranta cewa haka mutanen farko da suka zo ƙasar suka rayu. Ginin ya yi kama da haka, amma a duba shekarun. A 1903, shekarar da Ed ya fara gini, 'yan'uwan nan biyu na gidan Wright suka tashi da jirgin sama a North Carolina, jihar da ke maƙwabtaka. A 1908, kafin ya gama ɓangaren gaba, Ford ya fito da motarsa Model T. Tun wajen 1880 manyan masana'antun Minneapolis suka koma niƙa alkama da naɗaɗɗun ƙarafa masu murza ƙwaya a tsakaninsu, dabarar da aka ɗauko daga Hungary, suna fitar da farin gari mai daɗewa bai lalace ba, jirgin ƙasa yana kai shi ko'ina. Ed mutumin ƙarni na 20 ne, ya ga injunan zamani da idonsa a mahaƙar kwal. Ya gina injin ruwa ne don shi ya dace da inda yake. Hanyoyin tsaunin laka ne, da damina keken doki ma da kyar. Lantarki babu, ko a tsakiyar shekarun 1930 gona 1 cikin 10 ce kawai ke da wuta a Amurka. Masara ita ce abincin kullum, kuma garin da aka niƙa da ƙwayarsa duka ba ya jure ajiya saboda mai, don haka iyali kan kawo kaɗan-kaɗan, a kai a kai. Dole inji ya kasance kusa, inda yaro zai iya zuwa a kan doki ya koma kafin duhu.

Abubuwan da suka sa ya dace su ne suka gushe ɗaya bayan ɗaya. Hanya ta gyaru, mota ta shigo, kanti ya kawo gari a buhu. Wata cuta da aka fara gani a New York a 1904 ta bi tsaunukan ta kashe itatuwan chestnut, waɗanda mutanen yankin ke tsintar 'ya'yansu su sayar, su kuma yi kiwo da su, aljihun abokan cinikin Ed ya ƙara bushewa. Sai ga karayar tattalin arziki ta 1929. Shi ma ƙarfinsa ya ragu, indararo kuwa kullum yana son gyara, katako a cikin ruwa ba ya yafiya. A shekarunsa na ƙarshe ya sa injin kananzir yana juya dutsen da shi. Ya rasu a 1936.

A lokacin an riga an fara gina Blue Ridge Parkway. An soma aikin a watan Satumba na 1935, a zamanin Shugaba Roosevelt, don samar wa marasa aiki abin yi da kuma haɗa gandun Shenandoah da na Great Smoky Mountains. Hanya ce mai tsawon mil 469, ba a kammala ta ba sai 1987. Ta biyo ta ƙofar injin Mabry. A 1938 wurin ya koma hannun hukumar kula da gandayen ƙasa ta Amurka, a 1942 aka gama gyara shi.

Ba don wannan ba, da yau babu komai a wurin sai ciyawa da wataƙila dutse ɗaya a kife. Dubban irinsa sun ruɓe haka. Ina godiya ga waɗanda suka tsaya suka ce a bar shi, kuma da gaske nake. Amma sun gyara shi ne daidai da hoton da suke so matafiyi ya gani ta tagar mota, hoton mutanen tsauni da zamani bai taɓa ba. Aka cire injin kananzir, aka maido da wilin ruwa. Aka haƙa tafkin nan na gaba don ginin ya samu madubi. Gidan da Ed da Lizzie suka zauna a ciki, gidan katako mai hawa biyu irin na zamaninsu, aka rushe shi. Daga baya, a shekarun 1950, aka ɗauko wata tsohuwar bukkar gungume daga wani wuri aka dasa a filin. Aka jera wasu kayan gargajiya a gefen hanyar ƙafa, har da matsar takanɗa da tukunyar dafa barasa. Mai ziyara yana fita da tunanin cewa a bukkar nan masu injin suka kwana.

Rushe gidan ne ya fi yi mini ciwo. Mutum ya fita ƙasar kwal ya yi ƙira, ya dawo ya bi ƙorama ɗaya-ɗaya yana saye, matarsa ta sha ƙurar gari shekara da shekaru, abin da suka samu suka gina gida mai bene. Gidan nan shi ne sakamakon aikin. Shi ne amsar tambayar ko ruwan ya biya. Aka dube shi aka ga ya yi sabo da yawa, bai dace da hoto ba. Injin kananzir ɗin ma haka. Ni da nake wannan aiki na san ranar da mutum ke yanke shawarar sa inji a inda ruwa ya gaza. Rana ce ta lissafi da ciwon baya da duba abin da ya rage a aljihu. Tana cikin tarihin wurin kamar yadda wilin yake ciki. Da an bar shi a kusurwa, ko da ba ya aiki, da yaro ya tambaya mene ne wannan, a ba shi labarin shekarun da ruwa da ƙarfi suka ƙare tare.

Na faɗa wa dattijon nan wani abu mai kama da haka. Bai musa ba. Ya ce duk wanda ya tambaye shi yana gaya masa gaskiyar gidan da tafkin, sai dai masu tambaya ba su da yawa. Na ga alamar shi ma abin yana damunsa, kuma na ji daɗin yadda bai yi ƙoƙarin rufe komai ba.

Kafin mu tafi na ce wa 'yata mu bi indararon mu ga iya inda za mu kai. Muka bi ta gefensa, hayaniyar bakin tafki tana raguwa a bayanmu. A wasu wurare ruwa na ɗiga ta mahaɗar katako, gansakuka ta yi kore a ƙafafun. Ta riƙa nuna mini duk inda ta ga ɗigo, ni kuma ina ƙiyasta abin da ke zuba a raina, don hannu ya saba. Can gaba katako ya ƙare, ya zama magudana a cikin ƙasa, ganye ya rufe rabinta. Ta tsuguna ta kwashe ganyen da ya toshe wani lungu da hannunta, ruwan da ya taru a baya ya saki, ya wuce ƙasa wajen wilin. Ta bi shi da kallo har ya sha kwana.

Ta ce, "Baba, kullum sai an yi wannan?"

Na ce mata kullum, musamman a watan da ganye ke zuba. Muka ƙara gaba kaɗan, muka tarar da wani wurin ya toshe, muka tsuguna mu biyu.